Man Birki Yana Tsufa Ko da Mota Tana Ajiye

*Dalilin da ya sa ciko ba ya wadatarwa, da yadda mai mota zai juye man a gida ko ya tsaya a juye masa da sani*

A cikin duk ruwaye da mayukan da ƙaramar mota ke aiki da su, biyu ne kawai akasarin masu motoci ke riƙe da lissafinsu. Na farko fetur, wanda aljihu ba ya bari a manta da shi. Na biyu baƙin mai, wanda kowa ya san ana juye shi bayan an ci wasu dubban kilomitoci, har akan ce an kai mota sabis alhali shi kaɗai aka canza da filtarsa. Man birki kuwa yana zaune a wata 'yar roba can ƙuryar bonet, ta ɓangaren direba, babu mai waiwayarsa sai ranar da jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Ranar ma abin da ake yi bai wuce ciko ba: a sayo ƙaramin gwangwani, a tsiyaya har ya kai layin sama, a rufe, a kama hanya.

Wannan al'ada ta ciko tana da haɗari, kuma haɗarinta irin wanda ba ya yin sallama ne. Man birki yana lalacewa da shuɗewar lokaci, ko ana hawa mota kullum ko tana lulluɓe a gareji, kuma maganin hakan shi ne a fitar da tsohon gaba ɗaya ta ƙafafu huɗu, a maye gurbinsa da sabo, duk bayan shekara biyu zuwa uku. Aiki ne da mai mota mai natsuwa zai iya gamawa a tsakar gidansa cikin awa biyu, da mataimaki ɗaya. Wanda ba zai yi da hannunsa ba kuma, ya wajaba ya san aikin sanin da zai sa ya gane ko an yi masa shi, ko kuwa ciko aka yi masa aka karɓi kuɗin juyewa.

Daga tafin ƙafa zuwa taya

Birkin ƙaramar mota ya dogara ne a kan wata ɗabi'a ta ruwa da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17: idan aka kulle ruwa a mazubi aka matsa shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa kowane lungu na mazubin, domin ruwa ba ya matsuwa kamar yadda iska ke matsuwa. Injiniyan Amurka Malcolm Loughead ne ya fito da birkin mota mai aiki da wannan ƙa'ida, kuma a 1921 kamfanin Duesenberg ya fitar da mota mai irinsa a ƙafafu huɗu. Fiye da shekara ɗari ke nan, tsarin bai sauya a asalinsa ba. Direba ya taka feda, feda ta tura fistin a cikin silindar da makanikai ke kira masta, masta ta tura mai ta cikin siraran bututan ƙarfe da tiyon roba zuwa kowace ƙafa, a can kuma man ya tura wasu fistin ɗin su matse fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya.

Abin da wannan gogayya ke yi shi ne mayar da gudun mota ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, tana gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 2, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake fitowa, akasarinsa a ƙafafun gaba. Mafi yawansa yana shiga faifan ya bi iska, amma wani kaso yana ratsa fad, ya ratsa fistin, ya isa ga man da ke bayansa. Saboda haka babban sharaɗin man birki shi ne ya jure zafi mai tsanani ba tare da ya tafasa ba.

Haruffan DOT da ake gani a jikin gwangwani sun samo asali ne daga sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda ƙa'idarta mai lamba 116 ta gindaya mafi ƙarancin zafin da kowane nau'i zai jure a ma'aunin Salshiyas, yana sabo da kuma bayan ya sha danshi:

- DOT 3: digiri 205 yana sabo, digiri 140 bayan ya sha danshi.
- DOT 4: digiri 230 yana sabo, digiri 155 bayan ya sha danshi.
- DOT 5.1: digiri 260 yana sabo, digiri 180 bayan ya sha danshi.

Danshin da ake nufi a wannan awo bai wuce kimanin kashi 3.7 cikin 100 ba. A lita guda, ruwan bai cika cokalin cin abinci uku ba, amma ya isa ya zabge digiri 65 daga juriyar DOT 3, ya zabge 75 daga ta DOT 4.

Yadda ruwa ke shiga inda aka rufe

Waɗannan nau'o'i uku ana haɗa su ne da sinadaran dangin gilaikol, waɗanda ke zuƙar danshi daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Danshin yana shiga ta ɗan ramin shan iska na murfin robar, yana ratsa jikin tiyon roba sannu a hankali, yana kuma samun ƙofa duk sanda aka buɗe murfin. Masu haɗa man sun san da haka, hasali ma akwai alfanu a ciki: gara ruwan ya narke ya bazu cikin man baki ɗaya da ya taru wuri guda a ƙasa, inda zai tafasa a digiri 100 kacal, ko ya daskare a ƙasashen sanyi. Sai dai man yana da iyakar abin da zai iya sha. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci ke lissafa ransa da shekaru: Mercedes-Benz ta ce duk shekara 2, Honda ta ce duk shekara 3 komai ƙarancin tafiyar da aka yi. Motar Hajiya da ba ta wuce kasuwa da makarantar yara ba, da ta direban da ke zirga-zirgar Kano zuwa Abuja, agogo ɗaya ne ke lissafa musu.

A zirga-zirgar cikin gari tsohon mai ba ya tona kansa, domin birki yana samun hutun da zai huce tsakanin wannan danja da waccan. Asirinsa yana tonuwa ne a doguwar gangara. Motar da ta taso daga Jos cike da iyali da kaya, ta kama saukowa Hawan Kibo, ko wadda ke gangarowa daga tsaunin Mambila, direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama maimakon ya sa ƙaramar giya injin ya riƙe masa, zafi yana taruwa ne fiye da yadda yake fita. Da zarar man da ke bayan fistin ya wuce iyakarsa sai ya tafasa, kumfar tururi ta bayyana a cikin bututu. Tururi kuwa yana matsuwa. Direba ya taka, ƙarfin ƙafarsa ya ƙare wajen matse kumfa, feda ta nutse har ƙasa, mota tana ci gaba da tafiyarta.

Abin da ya fi muni a wannan irin shanyewar birki shi ne tana share sawunta. Bayan ƙafafun sun huce, tururin ya koma ruwa, feda ta dawo da ƙarfinta kamar ba a yi komai ba. Wanda ya zo duba motar daga baya zai taka ya ji birki garau, sai a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Shi kuwa wannan tsautsayin, shekara huɗu ko biyar ya yi yana taruwa ɗigo-ɗigo a cikin bututu.

Ba a ce duk haɗarin da aka ɗora wa birki daga mai yake ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, gudun wuce sa'a take sanyawa a sahun gaba cikin musabbaban haɗurra a rahotanninta, shanyewar birki kuma tana da dalilai da dama, daga cinyewar fad zuwa fashewar tiyo. Manyan tireloli da tankoki ma da iska birkinsu ke aiki. Amma cikin duk waɗannan dalilai, tsufan mai yana daga cikin mafi arahar magani, kuma shi ne wanda ido ba ya kamawa.

Akwai ɓarna ta biyu mai tafiyar hawainiya. Sabon mai yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, waɗanda ke ƙarewa da lokaci. Idan sun ƙare, ruwan da ke ciki ya fara cin fistin da bututai daga ciki, ƙafa ta riƙa maƙalewa, datti ya shiga ƙananan bawul na na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa idan aka taka birki da ƙarfi. Kuɗin wannan na'ura ya ninka na litar man birki sau da yawa.

Dalilin da ya sa ciko ba ya magani

Baƙin mai zagayawa yake yi, famfo yana kai shi ko'ina a injin yana dawo da shi. Man birki ba ya zagayawa. Bututunsa lungu ne da ba ya ɓullewa: ya matsa gaba kaɗan idan an taka, ya dawo baya idan an saki. Man da ke can ƙarshen layi, a bayan fistin ɗin ƙafa, inda zafi ya fi yawa, yana iya shekara goma a wurin. Sabon da aka tsiyaya a roba yana can sama, nesa da inda ake bukatarsa. Haka ma wanda ya zuƙe na cikin robar kaɗai ya zuba sabo, kwalliya ya yi wa abin da ido ke gani.

Ciko yana kuma toshe bakin mai ba da labari. Raguwar man a roba ma'ana biyu gare ta. Idan a hankali yake sauka cikin watanni, fad ne ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa, mai yana bin sa ya cike gurbin. Wato lokacin duba fad ya yi. Idan kuwa cikin kwanaki ya sauka, akwai yoyo a wani wuri, kuma motar ba ta cancanci hawa titi ba sai an gano shi. Wanda ya yi ciko bai tambayi dalili ba ya kashe fitilar gargaɗi, ya bar abin da ta yi gargaɗi a kansa.

Ga kuma batun tarihin mota. Mafi yawan motocin da ke titunan Najeriya da Nijar na hannu ne, irin waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, da ke shigowa ta Legas ko Kwatano. Sun yi shekaru a wata ƙasa, sun yi makonni a kan teku, wasu sun yi watanni a bakin ruwa inda iska ke cike da danshi. Da wuya dillali ya san ranar da aka juye musu man birki. Sabon mai mota yakan canza baƙin mai da batir a makon farko, ya kamata man birki ya shiga wannan jeri.

Launi yana ba da alama: sabon mai garau yake, ko ya ɗan yi ruwan man gyaɗa, tsoho kuma yana komawa kamar baƙin shayi. Amma mai yana iya shan ruwa sosai bai yi duhu ba. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa a roba ta nuna kason ruwan da ke ciki, idan ta nuna kashi 3 a juye. Awon da ya fi kowanne tabbas dai shi ne kwanan wata. Wanda bai san ranar juyewar ƙarshe ba, ya ɗauka lokaci ya wuce.

Abin da ake zubawa ma abin lura ne. Ruwan omo da wasu direbobin haya kan zuba idan mai ya yanke musu a hanya, a kusan digiri 100 yake tafasa, kuma tsatsa yake shukawa. Baƙin mai, man giya da man sitiyari suna kumbura robobin birki su lalata su, ko da kaɗan ne ya shiga. DOT 5 tarko ne ga mai tunanin babbar lamba ta fi kyau: da silikon aka yi shi, launinsa shunayya ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a zuba shi a motar da aka ƙera don DOT 3 ko DOT 4. Gwangwanin da aka buɗe bara aka ajiye a but ya riga ya sha danshi. A Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Apo ta Abuja, a sayi mai hatimi a rufe, a wurin dillalin da aka sani, a kuma sayi irin da aka rubuta a kan murfin robar motar.

Aikin kansa

Kayan aikin kaɗan ne: sabon mai lita guda, wanda ke isar akasarin ƙananan motoci, sufana mai zobe daidai da notin fitar da iska, yawanci lamba 8, 10 ko 11, siririn tiyo garai-garai da ake ganin abin da ke bi ta cikinsa, kwalba, babban sirinji, tsumma mai tsabta, safar hannu da tabarau, jak da ƙafafun ƙarfe masu riƙe mota. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulo kuma yana rugujewa ba gargaɗi. A zaɓi daɓe mai ƙwari da ba shi da gangara, a ranar da babu ruwan sama babu ƙurar hunturu, a sa mota a giya, a tokare tayoyin da ke ƙasa, injin a kashe.

Da farko a goge murfin robar da kewayensa kafin a buɗe, don kada ƙura ta faɗa ciki. A zuƙe mafi yawan tsohon man da sirinji, a bar ɗan kaɗan ya rufe ramukan ƙasa, sannan a cika da sabo har layin sama. Kada kowa ya taɓa feda a wannan tsakanin.

Sai a bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari da masta suna hagu ne, don haka jerin yakan zama baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Amma wasu motoci, ciki har da nau'o'in Honda da dama, daga gaba ake fara musu. Littafin gyaran motar shi ne alƙali, kuma akasarinsu ana samunsu a intanet.

A kowace ƙafa, bayan an cire taya, za a ga ɗan noti mai rami a tsakiya, sanye da hular roba. A cire hular, a goge notin, a zura masa sufana, a sa bakin tiyo a kansa, ɗaya bakin kuma a nutsa shi cikin ɗan man da aka zuba a gindin kwalba, don kada iska ta komo ta baya. Mataimaki ya zauna a kujerar direba, an sa guntun katako a ƙarƙashin feda. Amfanin katakon shi ne ya hana feda kaiwa ƙasa, domin a tsohuwar masta can ƙarshen silinda, inda fistin bai saba isa ba, akan samu tsatsa da datti da za su iya yaga roba.

Daga nan aikin ya koma na kunne da baki. Mai riƙe da sufana ya ce, "Taka a hankali." Na ciki ya amsa, "Na taka, Yaya." Sai a kwance notin rubu'in juyi, tsohon mai ya biyo tiyo, feda ta sauka ta dafa katako. "Riƙe nan." A ɗaure notin. Sai bayan an ɗaure ne za a ce, "Saki." Duk sirrin aikin yana cikin wannan jeri, domin fedar da aka saki noti yana buɗe iska take zuƙowa. A maimaita har man da ke bin tiyo ya koma garau irin na gwangwani, babu ko ƙwayar kumfa. Bayan kowane taku biyar ko shida a leƙa robar sama a ƙara mai. Idan aka bari ta bushe, iska ta shiga masta, aikin awa biyu ya zama na yini. In an gama da ƙafa a ɗaure notin daidai ƙima, domin siriri ne, ƙarfin tsiya yana karya shi, a mayar masa da hularsa.

Bayan ƙafa ta huɗu a daidaita man tsakanin layin sama da na ƙasa, a rufe. Idan an cike shi fal alhali fad ya cinye, zai yi ambaliya ranar da aka sa sabon fad. Duk inda ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take da ruwa mai yawa, domin yana cin fenti. Sai gwaji: a taka feda injin yana kashe, ta yi tauri ta tsaya a sama, a riƙe ta rabin minti, kada ta riƙa nutsewa, a tada injin, za ta ɗan sauka kaɗan, wannan daidai ne, a zagaya a duba kowane noti ko yana tsattsafowa. Daga nan a gwada a layin da babu mutane, da tafiya kamar ta mai keke, kafin a yi tunanin babban titi. Feda mai laushi kamar soso tana nufin akwai iska a ciki, kuma motar ba ta fita sai an sake bi.

Inda aikin gida ya tsaya

Akwai wuraren da basira ita ce a ajiye sufana. Notin da tsatsa ta kama, aka jiƙa shi da man kwance tsatsa aka jira ya ƙi motsi, a bar shi, domin idan ya karye a ciki matsala ta ninku. Motar da iska ta shiga na'urar ABS ɗinta takan bukaci a haɗa ta da kwamfuta ta buɗe bawul ɗin kafin iskar ta fita. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius, da wasu Mercedes-Benz na farkon shekarun 2000 da lantarki ke sarrafa birkinsu, suna da famfon da ke tara matsi da kansa, kuma suna da tasu hanyar dabam. Waɗannan na ƙwararre ne mai kayan aiki. Haka duk motar da ke yoyo, ko wadda fedarta ke nutsewa a hankali idan an riƙe, gyara take bukata kafin a yi maganar sabon mai. Wanda kuma ya san ba shi da haƙurin bin jeri, ko ba shi da abin da zai riƙe mota lafiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hujjar masu cewa a bar wa makanikai

Masu adawa da yin wannan aiki a gida suna da hujja mai nauyi. Birki rai ne, kuskure ɗaya ya isa, kuma likita ko lauya ko malamin jami'a da bai taɓa riƙe sufana ba bai kamata ya fara koyo da abin da zai tsayar da motar da 'ya'yansa ke ciki ba. Gaskiya ne, kuma ƙwararren bakanike mai amana ya fi ɗan koyo sauri da tabbaci.

Sai dai hujjar ta ɗauka cewa in an bar wa gareji, gareji zai yi. A zahiri yawancin makanikai ba sa kawo maganar juye man birki sai an taɓa wani abu a birkin. Wani bai koyo shi a matsayin aikin lokaci-lokaci daga maigidansa ba. Wani ya sani sarai, amma ya gaji da a zarge shi da ƙirƙiro aiki, domin mai mota yana ganin birkinsa na kamawa, me zai sa ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba? Tsakanin bakaniken da ba ya faɗa da mai motar da ba ya tambaya, man yana cika shekara bakwai a bututu. Wanda zai iya warware wannan shi ne mai motar, domin shi ke riƙe da kwanan wata, shi ke biya, shi kuma zai sauko gangarar.

Don haka ko ga wanda ba zai taɓa durƙusawa gaban taya ba, sanin aikin yana da amfani kai-tsaye. Zai je gareji da gwangwaninsa a rufe, ya nemi a juye ta ƙafafu huɗu, ya ga an cire tayoyi ko an shiga ƙarƙashin mota an kwance kowane noti, ya ga baƙin da ya fito a kwalba, ya ga lita ta kusa ƙarewa. Aikin da aka gama cikin minti biyar bonet kaɗai aka buɗe, ciko ne. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan mai mota, domin shi ne ke gane bambancin aikinsa da na maƙwabcinsa, ya kuma biya ladan da ya dace ba tare da ciniki mai tsawo ba.

Abin da ya rage a kwalba

Tsohon man guba ne, sabon ma haka. A tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan sun sha maganin fitowar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano ya gurɓata da dayetilin gilaikol, sinadarin da ke lalata ƙoda, wanda kuma ake samu a wasu nau'o'in man birki. Dangin wannan sinadari suna da ɗan zaƙi a baki, shi ya sa barin tsohon mai a robar lemo a tsakar gida mai yara da dabbobi ganganci ne. Al'adar shafa man birki a ciwo, ƙuna, makero ko ƙyasbi ita ma ba ta da gurbi a likitanci. A juye tsohon a gwangwanin da aka kwashe, a rufe, a rubuta a jiki, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, sannan a miƙa shi ga garejin da ke tara irin waɗannan mayuka. Kwata da gefen rijiya ba wurin zubar da shi ba ne.

Abu na ƙarshe shi ne alƙalami. A rubuta wata da shekara da nau'in man a 'yar takarda a manna a cikin bonet, a kuma sa tunatarwa a waya ta shekara biyu masu zuwa. Wanda ya buɗe bonet ɗinsa yau bai tarar da irin wannan takarda ba, kuma ya kasa tuna ranar, ya riga ya samu amsar tambayarsa. Ya nemi Asabar ɗaya tun yanzu, kafin tafiyar Sallah ko ta ƙarshen shekara ta ƙarato, lokacin da garejoji ke cika, makanikai ke gaggawa, motoci kuma ke ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.